Likita Mila na Zariya: shekara 30 yana auna kalmomin Littafi Mai Tsarki da Hausa

A shekarar 1899, shekarar da sojojin Voulet da Chanoine suka auka wa garin Lugu na Sarauniya Mangu a ƙasar Arewa, wani saurayin likita ɗan Ingila yana zaune a Tarabulus, can bakin tekun Bahar Rum, yana koyon Hausa daga bakin fatake da mahajjata. Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa sun fi saninsa da Likita Mila. Kusan duk aikinsa a Najeriya ya yi shi. Duk da haka littafin da ya jagoranci fassararsa, wato Littafi Mai Tsarki na Kirista da ya fito da Hausa a 1932, ya ƙetare iyaka ya iso Damagaram da Maraɗi da Dogon Dutsi, a zamanin da lakwal a Nijar ba ta san wani harshe ba sai Faransanci.

Tambaya ɗaya ce ta bi wannan mutum tsawon rayuwarsa, kuma ita ce ke raba kan masu fassara Littafi Mai Tsarki da Ingilishi har gobe: a bi kalmomin asali sau da ƙafa ko da karatun zai yi nauyi, ko a ɗauko ma'anar a zuba ta cikin maganar da mutanen kasuwa ke ganewa, ko da za a ɗan yi nisa da lafazin asali?

Daga Honiton zuwa Tarabulus

An haifi Walter Richard Samuel Miller a 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Anglikan da ake kira CMS. A wancan lokaci Turawa sun sha jin labarin ƙasar Hausa daga littattafan matafiya, amma shigarta ba abu ne mai sauƙi ba. Hanya mafi sauƙi ta jin harshen ita ce zuwa Tarabulus, inda ayarin Sahara ke sauka, kuma inda Hausawa suke da yawa, daga fatake har masu niyyar Makka.

A nan Mila ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdul Majid, wanda aka fi sani da Audu. Yaron ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa. Tun 1901 Mila ya buga wani ɗan littafin nahawu mai suna Hausa Notes, wanda Turawan mulki da ƴan mishan suka daɗe suna koyon harshen da shi.

Kano ta rufe ƙofa, Zariya ta buɗe

A farkon 1900 Mila ya shiga ayarin Bishop Herbert Tugwell, su biyar, suka taso daga Legas suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba. Ya ba su ƴan kwanaki su fice daga garin. Suka koma kudancin Zariya, suka yada zango a Girku. Ɗaya daga cikinsu, Claud Dudley Ryder, ya rasu a wannan tafiya, rashin lafiya kuma ta tarwatsa sauran. Mila ne ya nace ya sake dawowa.

A 1905, bayan Turawan Ingila sun ci sarautun Arewacin Najeriya, ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, yana sa riga da rawani, yana zama da malamai da masu sarauta. Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Ya yi ta sukar Turawan mulki a kan yadda suke barin talakawa a hannun sarakuna, ya yi ta kai ƙarar fadar Zazzau, kuma ƙorafinsa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarki Aliyu aka kai shi Lakwaja. Saboda haka har yau ra'ayi ya rabu a kansa: wasu na ganin mai kare talaka, wasu na ganin baƙo mai shiga sharo ba shanu. Abin da ba a cika yin gardama a kansa ba shi ne jin Hausarsa.

Yana kuma cikin waɗanda suka matsa wa Gwamna Lugga a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami. Wannan zaɓi yana da nasa tsadar. Malamai da almajirai, waɗanda su ne masu karatu a wancan zamani, ajami suka iya. Duk littafin da ya fito da boko sai an fara koya wa mutum baƙaƙen kafin ya buɗe shi.

Waɗanda suka share masa hanya

Ba Mila ne ya fara wannan aiki ba, kuma Nijar na da hannu a farkonsa. James Frederick Schön, Bajamushe mai yi wa CMS aiki, ya fara sha'awar Hausa tun tafiyar kogin Kwara ta 1841 da ya yi tare da Samuel Ajayi Crowther. Bai taɓa zama a tsakiyar ƙasar Hausa ba. Babban abin da ya taimake shi shi ne wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas a ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi, ya bi matafiyi Heinrich Barth ta Sakkwato da Say har Tumbutu, ya isa Landan a 1855. Daga bakin Dorugu Schön ya ɗebi labarai da kalmomi, har ya kammala Sabon Alkawari da Hausa a 1880. Bayansa Charles Henry Robinson ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya wallafa ƙamus.

Ayyukan nan sun buɗe hanya, amma fassara ce da aka yi daga nesa. Kalmomin na Hausa ne, ginin jimlar kuwa sau da yawa na Bature. Mila ya zauna cikin masu harshen, yana jin yadda ake ciniki, yadda ake shari'a, yadda mara lafiya ke faɗin inda ke masa ciwo. Wannan ne bambancinsa da magabatansa.

Kalma ko ma'ana

Littafin da ke gabansa ba ƙarami ba ne: littattafai 66 a lissafin Furotesta, 39 na Tsohon Alkawari, akasarinsu da Ibrananci, 27 na Sabon Alkawari da Girkanci. Mila ya tashi da fassarar Ingilishi ta zamanin Sarki James, ta 1611, da gyararriyar da aka kammala a 1885, wadda ta manne wa asali har masu karatu da yawa suka ga Ingilishinta ya yi tauri. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Landan, wadda za ta ɗauki nauyin bugun, ita ma ƙa'idarta a lokacin ita ce a tsaya kusa da asali gwargwadon yadda harshen zai iya ɗauka. Gardamar duka tana cikin wannan gwargwado.

Misali zai fi nuna wa mai karatu inda gizo ke saƙar. Idan Ibrananci zai ce wani yana da haƙuri, ba ya saurin fushi, sai ya siffanta shi da mai dogon hanci. Wanda ya juya wannan kalma da kalma zuwa Hausa bai yi ƙarya ga baƙaƙen ba, amma Bahaushe zai ɗauka ana yabon kyan fuska ne. Girkanci na ajiye tausayi a cikin hanji, Ibrananci na ajiye asirin mutum a cikin ƙoda. A nan Hausa ta fi Ingilishi kusa da asali, tun da mu ma a ciki muke ajiye farin ciki da baƙin ciki. Amma duk da haka wanda ya ce hanjinsa ya motsa saboda ɗan'uwansa, asibiti za a nuna masa.

Akwai kuma abubuwan da babu su a ƙasar. Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce wadda ke zuba da ruwan sama ta ɓata gero, ba farar ƙasar sanyi da ake kwatanta tsabta da ita ba. Abincin yau da kullum a Falasɗinu burodi ne, a nan kuwa tuwo da fura. Mai neman sauƙi zai so ya sa tuwo. Mai tsoron kauce wa asali zai ce ba a gutsuttsura tuwo a raba wa jama'a kamar yadda labarin ya nuna. Kalmar gurasa, da Kanawa suka sani ta hanyar Larabawa, ita ce ta raba gardamar, kuma ita ake karantawa har yau.

Sai ginin jimla. A farkon wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa akwai jimla ɗaya tak a Girkanci mai kalmomi wajen 200. Hausa ba ta jure irin wannan. Tana son a faɗi abu, a ajiye, a ɗauko wani. Idan aka yanka jimlar gida takwas za a ji daɗin karatu, amma igiyar da ta ɗaure dalili da sakamako na iya tsinkewa. Idan aka bar ta yadda take, mai saurare a majami'a zai ɓata tun kafin a kai rabi.

Akwai wurin da Hausa ta yi wa Ingilishin yau fintinkau. Ibrananci na bambanta kai da ke da ku, Girkanci na bambanta mutum ɗaya da jama'a, Hausa ma haka. Ingilishin zamani kalma ɗaya gare shi ga dukansu, don haka mai karanta shi ba ya sanin ko da mutum ɗaya ake magana ko da taro. A wannan fanni, mai karatu a Dogon Dutsi ya fi na Landan kusa da asali.

Iska da Ruhu

Misalin da mutanen Arewa za su fi kowa ganewa shi ne na iska. A Ibrananci da Girkanci duka, kalma ɗaya ce ke nufin iskar da ke kaɗawa, da numfashi, da ruhu. A babi na 3 na Bisharar Yahaya an yi wasa da wannan ma'ana biyu da gangan. Faransanci da Ingilishi ba su da kalma ɗaya da za ta ɗauki duka biyun. Hausa kuwa tana da ita: iska. Iska ce ke kaɗa ganye, iskoki ne kuma ke hawan ƴan bori.

In da daidaito da asali ne kaɗai ma'auni, da babu kalmar da ta kai wannan. Amma a ƙasa irin ta Lugu da Bagaji, inda Sarauniya da Baura ke riƙe da al'adar Azna, inda kowane iska yake da sunansa da kiɗansa da dabbar da ake yanka masa, wa zai ji an ce iska mai tsarki bai tuna da bori ba? A birni kuma, kowa ya san abin da ɗan iska ke nufi. Littafin da Mila ya bari ya ɗauki kalmar Larabci da malamai suka riga suka shigar cikin Hausa, ya ce Ruhu Mai Tsarki. An tsira daga ruɗani, an yi asarar wasan kalmar. Kalmar da ta fi dacewa da ƙamus ita ce ta fi haɗarin ɓatar da mai saurare.

Wannan hanya ta aro daga Larabcin malamai ta ratsa littafin duka: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Shaiɗan, aljanu. Kalmomi ne da Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru yana shukawa cikin harshen. Amfaninsu a fili yake, kowa ya san su. Wahalarsu ita ce kowace ta zo da kayanta, wato ma'anar da ta saba ɗauka a makarantar allo, wadda wani lokaci ta yi daidai da abin da Kirista ke nufi, wani lokaci ta saɓa.

Isa ko Yesu

A kan suna ɗaya ne aka bi wata hanya dabam. Duk Bahaushe ya san Annabi Isa. A 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka nemi Mila a Zariya. Su almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa, alhali daga karatun Alƙur'ani ya taso, bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Waɗansunsu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Mila.

Ga irin waɗannan mutane, sunan Isa shi ne gadar da suka bi suka iso. Duk da haka fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, lafazin da ya fi kusa da Girkanci, kuma wanda ya yi daidai da abin da sauran majami'un Najeriya ke faɗi. Masu goyon bayan wannan sun ga ya hana a gauraya koyarwa biyu da suka bambanta. Masu suka sun ga an ɗauki wanda kowa ya sani an sa masa sunan baƙo. Aikin ba na Mila shi kaɗai ba ne: akwai kwamiti da ya haɗa mishan dabam-dabam, ciki har da Likita Andrew Stirrett na SIM, akwai kuma Hausawa, malamai da ɗalibansa, waɗanda ake karanta musu jimla su ce ta zauna ko ba ta zauna ba. Yawancin ƴan mishan ɗin nan ba cikin Hausawan birni suke aiki ba. Suna tsakiyar Najeriya ne, cikin ƙabilun da Hausa harshen kasuwa ce gare su. Littafi ɗaya aka nema ya gamsar da malamin Zariya da manomin Filato.

Fitowar littafin da isowarsa Nijar

A ƙarshen shekarun 1920 hukuma ta fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, abin da Mila bai so ba. Ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, littafin ya fito a 1932, shekara 30 da ƴan kai bayan Tarabulus. Lokacin ba a riga an tsaida rubutun boko yadda muka san shi ba. Ƙamus na Bargery sai 1934 ya fito, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939.

A wannan gefen iyaka, mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, daga baya ta iso Dogon Dutsi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Da Hausa take wa'azi, littafin 1932 kuma shi ne abin karatunta. Faransawa ba su saki jiki da waɗannan masu jin Ingilishi ba, kuma dokarsu ba ta yarda da makaranta da wani harshe ba sai nasu. Sai ya zama wannan littafi na cikin ƙalilan da ɗan Nijar zai iya riƙewa a hannu ya ga harshensa a buge da boko.

Amma wace Hausa? Ta Kano da Zariya. Ba'are da ke cewa hwari da tahiya da ɗiya ya buɗe ya tarar da fari da tafiya da ƴa. Sauƙin karatu ba abu ɗaya ba ne ga kowa: abin da ya zo wa Bazazzagi daidai, ga mutumin Matankari yana da ɗan ƙamshin baƙunci.

Gardamar bayan Mila

Bayan yaƙin duniya na biyu ma'aunin ya karkata. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Eugene Nida, ya fito da ra'ayin cewa fassara mai aminci ita ce wadda ta sa mai karatun yau ya fahimci abin da mai karatun farko ya fahimta, ko da an sāke ginin jimla. Littafinsa na 1964 ya zama jagora ga ƙungiyoyin fassara. Daga nan aka samu Good News Bible a 1976, da Ingilishi mai sauƙi. NIV ta 1978 ta nemi tsakiya. ESV ta 2001 ta koma wajen bin kalma, saboda masu ita na ganin sauƙaƙawa kan sa mai fassara ya yanke wa mai karatu hukunci a wurin da asalin ya bar ƙofa biyu a buɗe. Masu karatu da Faransanci sun san irin wannan tsani: Louis Segond ta 1910 a sama, Français courant ta 1982 a tsakiya, Parole de Vie ta 2000 da aka yi da ƙananan kalmomi domin waɗanda Faransanci ba harshen uwa ba ne gare su, musamman a Afirka.

Hausa ma ta bi wannan hanya. Bargery ya koma Kano a shekarun 1950 domin aikin gyara, a 1979 kuma sabuwar fassara ta fito da jimloli masu sauƙi da rubutun zamani. A cikinta Kristi ya koma Almasihu, wato an dawo rabin hanya zuwa kalmar da jama'a suka sani. Daga baya wasu sun biyo, irin su Sabon Rai Don Kowa. Har yau akwai tsofaffin da suka fi son tsohuwar, domin da ita suka yi hadda, nauyinta kuma a kunnensu shi ne kwarjininta.

Musulmi mai karanta wannan tarihi ba baƙo ba ne ga matsalar. A tafsirin azumi, mai jan baƙi na karanta aya da Larabci yadda take, malami na warware ta da Hausa. An raba aikin gida biyu, lafazi na hannun wani, bayani na hannun wani. Shi ya sa Sheikh Abubakar Gumi ya kira aikinsa tarjamar ma'anoni. Mai fassara irin Mila ba shi da mai jan baƙi a gefensa. Abin da ya rubuta shi ne za a karanta a matsayin nassin kansa, don haka kowace kalma sai ta ɗauki kaya biyu.

Ƙarshen rayuwarsa

Mila ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila ya rubuta tarihin gwagwarmayarsa, Reflections of a Pioneer, a 1936. Zaman can bai karɓe shi ba. Ya dawo Najeriya, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce a kan mulkin mallaka, har da wani littafi na 1947 da sunansa ke tambayar ko Ingila ta gaza a Najeriya. Ya rasu a 1952 a Bukuru kusa da Jos, yana da shekara 80.

In da yawan waɗanda suka bi addininsa za a auna shi, abin da ya samu cikin Hausawa kaɗan ne. Amma daga ƴar al'ummar da ya kafa aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Najeriya, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello; a Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Fassararsa ta yi kusan shekara 50 ita ce ake karantawa daga Filato har Arewa kafin a sāke ta, kuma waɗanda suka sāke ta sun bar kalmomi da yawa inda ya ajiye su, ciki har da Allah da Ruhu da gurasa.